Kafin Ka Fesa Mata Fenti, Ka Kwanta Ƙarƙashinta



Yau maganarmu da kai ce, kai da ka ƙyalla ido ka hango wata tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da ta yi shekaru a kan duwatsu a bayan gidan wani Alhaji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, kake ta lissafin yadda za ka karɓe ta da araha ka tashe ta. Ko a Dudunni kake, ko Kusada, ko cikin garin Kankiya, mun san inda sha'awar ta samo asali. Waya ce. Ka ga bidiyon Turawa suna kwance mota har notin ƙarshe su sake ɗaure ta, su kafa mata tanti a kan rufi su nausa daji. Ka ga Pelumi Nubi, 'yar Najeriyar nan da ta taso daga Landan a ƙarshen Janairun 2024 ta iso Legas ranar 7 ga Afrilu, ita kaɗai a mota. Kafin ita, a 2023, wasu 'yan Ghana sun tuƙa daga Accra har Landan, tafiyar kusan kilomita 10,000. Sai zuciya ta ce maka: to ni me zai hana?

Babu abin da zai hana, kuma ba mu zo kashe maka gwiwa ba. Ai doguwar tafiya a mota gadonmu ce. Tun a 1948 Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar WAPA a Kano, suna kwasar maniyyata a manyan motoci ta Borno da Chadi har Sudan, a lokacin da yawancin hanyar babu kwalta. Wapa ɗin nan ta Fagge da ake canjin kuɗi yau, daga nan ta samo suna.

Abin da ya dame mu shi ne inda kuɗin farko ke tafiya. Kuɗinka ƙidayayyu ne, kuma za su ƙare kafin aikin ya ƙare, wannan kam ka sa a ranka. Abin da muka saba gani kuwa, mai fenti ne ke fara karɓa, sai mai kujeru, sai mai fitilun nan masu kashe ido, sai a ɗora manyan tayoyi da ƙarfen gaba kamar motar yaƙi. Kafin a zo kan lagireto da birki da boris aljihu ya bushe, sai a dubi bakanike a ce, "Oga, ka ɗan lallaɓa ta haka nan." Wannan lallaɓawar muke so mu yi magana a kanta, domin ta ci rayuka, kuma rayukan mutanenmu ne.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Daga Arlit suka taso a motoci biyu za su Tamanrasset. Yawancinsu mutanen yankin Kantche ne a jihar Damagaram, nan bayan Daura da kaɗan, masu magana irin taka. Ba 'yan fashi ne suka tare su ba, ba kuma karo aka yi ba. Motocin ne suka mace, ruwan sha ya ƙare, ƙishirwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da Nijar ta yi makokin kwana uku. Ba a cika shekara huɗu ba aka sake: a tsakiyar 2017 mutum 44, 'yan Najeriya da 'yan Ghana har da jarirai, suka rasu tsakanin Agadas da Dirkou bayan motarsu ta lalace. Mutum shida ne suka iya takawa da ƙafa suka kai labari.

Ka ɗan tsaya a kan maganar nan, "mota ta lalace." Idan taka ta tsaya a Gidan Mutum Ɗaya, kan hanyar Kano zuwa Katsina, asararka yini guda ce da kuɗin ɗan acaɓan da zai ɗauko maka bakanike. Ka sha shayi, ka ci tsire, a gyara ka wuce. A cikin Tenere kuwa, tiyon ruwa ɗaya da ya fashe ya isa ya gama da duk wanda ke cikin motar. Kuma kowace motar da ta taɓa macewa a can, akwai wanda ya dube ta kafin ta tashi ya ce, "Za ta kai, in sha Allahu." Hanyar ma ta sake buɗewa a fili, tunda dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure gwamnatin Janar Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. Wannan fili ba ya ba kowa shawarar bin hanyar Libiya, ko a matsayin fasinja ko direba. Amma darasin da ke cikin waɗancan gawarwaki ya shafi duk wanda zai ɗauki mutane ya yi nesa da gari, ko da ƙauyukan da ke tsakanin Kusada da Ingawa ne da tsakar dare.

To daga ina ake farawa? Daga ƙasa. Ka sa a wanke ƙarƙashin motar tas, ka ɗauki tocila da ƙaramar guduma, ka kwanta da kanka, kada ka wakilta kowa. Ka bi shasi daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana da amo. Wanda tsatsa ta cinye ta ciki sai ka ji shi dum, wani lokaci ma gudumar ta shige. Motocin da suka zo daga Turai ta Kwatano su ne suka fi wannan ciwo, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara. Wadda ta yi rayuwarta a nan Arewa kuwa tsatsa ba ta cika damunta ba, lodi ne ya karya mata baya. A jikinta tsagewa za ka nema, da tsohuwar waldar da aka shafe da baƙin fenti, musamman inda sifirin ke maƙale da inda akwatin sitiyari ke ɗaure. In ka tarar shasi ya karkace ko an yi masa faci nan da can, ka haƙura da ita ko da kyauta aka ba ka. Injin ana sakewa, giyabos ana sakewa, bodi ma mai walda zai tayar, amma duk a kan shasin nan za su zauna. Kana nan kwance kuma ka karanta lambar shasin ka gwada da ta takarda, harafi da harafi. Motar da lambarta ta saɓa, ko babu takardar kwastan, za ka gama zuba mata dukiya ne a karɓe ta a shingen farko.

Daga nan sai ruwa. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, abin da ya fi saurin kashe injin shi ne zafi, kuma a nan ne muke da wata al'ada da ya kamata matasan makanikai su daina gada. Da mota ta shigo gareji sai a cire mata abin nan da ke daidaita zafin ruwa, wanda ake kira tamostat, a jefar, wai ai na ƙasar sanyi ne. Malam, Toyota ta san da Saudiyya da Sudan lokacin da ta sa shi. A injuna da yawa shi ne ke toshe wata gajeriyar hanya ta cikin injin idan ruwa ya yi zafi, ya tilasta masa bi ta lagireto. In ka cire shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa a ciki bai je ya huce ba. Da asubahin hunturu kuma injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa. Motar da ke tafasa tana da dalili: ko lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiyar da aka shekara ana ɗura mata, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta ja, ko kuwa murfin lagireton ne ya saki. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, kuma kuɗinsa bai kai na fitila ɗaya cikin waɗanda kake sha'awa ba. Ka canza duk tiyoyin ruwa da fanbel ko da sun yi maka kyau a ido, tsofaffin ka wanke ka ɗaure a bayan kujera. Ran da za su yi maka rana na nan zuwa.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Matatar iskar da aka hure sau goma ta riga ta huje, yashi na wucewa yana goge ringi da silinda a hankali, har ran da za a ce maka injin ya buga. In kuma dizal ce, ka tabbata matatar mai mai raba ruwa tana aiki, don a doguwar hanya dole wata rana ka sha man jarka a hannun 'yan bumburutu.

Wace mota ma ya kamata ka tasa? Amsarmu: wadda za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano, a samu a Panteka a Kaduna, a kuma samu a Maraɗi da Damagaram. Shi ya sa direbobin hamada suka riƙe Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ba a daina ba, akori-kurarta ce ake ce wa Buffalo a nan. Injinta na dizal 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, ba shi da gudu, ba shi da kwamfutar da za ta kulle shi a daji, bakanike mai sifana da haƙuri zai iya da shi. A 1987 sojojin Chadi da irin waɗannan akori-kura na Toyota suka fatattaki tankokin Gaddafi, har ake kiran yaƙin da sunan kamfanin. Tsohuwar Landiroba ta zamanin En'e tana da kwarjini, mu ma tana burge mu, amma ka fara zagaya kasuwa ka ga ko za ka samu kayanta kafin ka biya. Ka kuma tuna tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, injin fetur mai lita 4.5 ba abin wasan mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Wani abin lura: motar Pelumi Nubi 'yar ƙaramar Peugeot 107 ce, ba ta jan ƙafa huɗu, domin hanyar da ta bi ta Maroko da Muritaniya da Senegal yawancinta kwalta ce. Ka fara sanin inda za ka, shi zai gaya maka irin motar da kake bukata.

In dai mai jan ƙafa huɗun ce, to ka tabbata tana ja ɗin. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunanmu an daɗe da cire musu farfelar gaba, wata ta lalace aka ƙi saye, wata wai don a rage shan mai. Sanda na nan a gefen giya, rubutu na nan a jikin bodi, amma ƙafa biyu ke aiki. Ka shiga da ita cikin yashin rafi ka gwada kafin ka biya. In ka gyara kuma ka koyi amfani da ita: irin waɗannan tsofaffin ba a sa musu ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, ƙarafan ne za su riƙa murɗe juna har wani ya karye. A cikin rairayi kuwa rage iskar taya ya fi ƙarfin injin amfani, sai dai wanda ya rage iska dole ya kasance da famfon mayarwa. Ka zubar da tsohon man aksil da na giyabos, ka duba ko ya koma kamar madara, alamar ruwa ya shiga ke nan. Ka buɗe kowace ƙafa ka ga boris da idonka. Man birki ma yana tsufa, yana shan danshi, ranar da ya yi zafi a gangara sai ka taka ka ji fayau. Shi kuma mai wayarin, ka tsaya a kansa ya cire duk wayar da aka naɗa a gurbin fiyus. Gobarar mota da yawa daga nan take tashi, kai kuwa ga jarkokin mai a baya.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta, bayan rubutun DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3518, an yi ta a mako na 35 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya. 'Yar Baljiyam mai zanen ƙasa raɗau tana iya zama ta shekara goma, robar ta bushe, zafin kwalta da lodi su tarwatsa ta. Tayoyi biyar masu matsakaicin girma, iri ɗaya, sababbi, sun fi manya huɗu tsofaffi da safaya ta aro. Manyan nan da ake yayi suna ƙara wa aksil da kuloci da birki wahala ne, su kuma ƙara shan mai.

Yanzu bari mu yi lissafin da ba a son yi. Akori-kurar Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya. A Agadas an saba ganin ta da mutum 25 a baya, ƙafafu na reto. Ka ba kowane kilo 60 kawai, ka samu kilo 1,500, ba a sa kayansu ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ce kowa zai sha lita biyar a yini, wanda a zafin hamada ƙanƙancewa ce, lita 125 ke nan kullum. Duron dizal mai lita 200 ya kusa kilo 170. Ka ga inda matsalar take: direban da ya cika mota da mutane dole ya rage ruwa, kuma lodin da ya sa ya rage ruwan shi ne zai karya masa sifirin ko ya fasa taya. Kai da za ka yi yawon buɗe ido da abokai uku ma lissafin bai bar ka ba. Tanti da ƙarfen rufi da jarkoki a sama suna ɗaga nauyin motar, ta zama mai saurin kifewa a kwana ko a gefen tudu. Mai nauyi ƙasa ake sa shi, tsakanin ƙafafu. Ƙarin ganyen sifirin da ake yi a gareji yana hana mota durƙushewa a ido, amma bai ƙara wa birki ko boris ƙarfin komai ba.

Idan an gama ɗauri, kada ka tashi sai Agadas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Filin gwajinka na nan a ƙofar gida: ka loda mata buhunan hatsi daidai nauyin da za ka yi tafiya da shi, ka bi hanyoyin burji na ƙauyukan Dudunni da Kusada a watan Agusta, lokacin da taɓo ke kafe motoci. Ka dawo ka sake kwanciya ƙarƙashinta ka ga me ya saki, me ke ɗiga. Sai ka ƙara nisa, Kankiya zuwa Katsina, zuwa Daura, da rana tsaka, idonka a kan allurar zafi. A wannan zagayen za ka gano wani abu kuma: motar da ke shiga inda ƙananan motoci ke tsoro tana da kasuwa a nan gida. Akwai amfanin gona da ke jiran fitarwa, akwai 'yan kasuwar da ke son kai kaya Charanci, akwai mai naƙudar da ake ɗorawa a babur da daddare zuwa babban asibitin Kankiya saboda babu motar da za ta shiga ƙauyensu. Wannan aikin zai iya mayar maka da kuɗin gyara, ya kuma koya maka halin motarka fiye da kowane bidiyo.

Sai maganar da ba ma jin daɗin yi amma dole. Jiharmu na fama da 'yan bindiga, kuma doguwar mota mai launin sojoji da baƙin gilashi tana jawo idon kowa, na jami'an tsaro da na mutanen daji. In lokacin fentin ya zo, fari ya ishe ka, ya ma fi sanyi. Kada ka yi tafiyar dare, ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ka bi ta. Ƙetare iyaka ma ba kamar da ba ne: an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka je Jibiya ko Kongolam ka ji takardun da ake nema daga bakin jami'ai, kada ka dogara da labarin majalisa. Inda kwalta ta ƙare kuwa, mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai. Ku zama biyu aƙalla, da wanda ya san hanya, a gida kuma a san ranar da ya kamata a ji daga gare ku. In ta mace, a zauna a inuwarta, don mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Kai kuma ɗan'uwa da ke koyon aiki a gareji, wanda za a kawo wa irin wannan mota gobe, kai ne ka fi kowa sanin abin da ke cikinta. Mai mota zai matsa maka, zai ce kuɗi sun ƙare, zai ce wancan garejin sun ce ba komai. Ka tambaye shi inda za shi da ita da mutum nawa zai ɗauka, don gyaran motar zuwa kasuwar Kankiya daban, na wadda za ta wuce Damagaram daban. Ka nuna masa tsohon boris ɗin a tafin hannunka ya ga yadda ya ci. In kayan Baljiyam ka sa, ka ce na Baljiyam ne, kada ka karɓi kuɗin sabo. In ya dage sai an lallaɓa, ka samu littafi ka rubuta kwanan wata da lambar motar, abin da ka canza, da abin da ka ce a canza ya ƙi biya. Ka karanta masa a gaban ogan garejin, ku sa hannu ku biyu, ya tafi da kwafi ɗaya kai ka ajiye ɗaya.